Rara da Giɓi: Bambancin Ragowar Ƙaura Tsakanin Gundumomin Jihar Teksas ta Amurka, 2010 zuwa 2023

Tsakure

Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020, yawan mutanen jihar Teksas ya tashi daga 25,145,561 zuwa 29,145,505, ƙarin kusan mutum miliyan 4. A cikin shekaru goman nan dai, gundumomi 143 daga cikin 254 na jihar raguwa suka yi. Wannan maƙala ta bi sawun wannan saɓani ta fuskar ragowar ƙaura, wato abin da ya rage bayan an ɗebe masu fita daga masu shigowa. Matsayar maƙalar ita ce adadin gunduma guda ba ya fassara kansa, sai an karanta shi tare da na maƙwabciyarta, an kuma san shekarun masu tafiyar. An dogara da alƙaluman Hukumar Ƙidaya ta Amurka, an kuma yi nazarin wasu gundumomi a kusa, musamman na Dallas da Houston da Amarillo.

Gabatarwa



Duk wanda ke bibiyar labarin yawan jama'a a Amurka ya saba jin cewa mutane suna ta kwarara Teksas. Gaskiya ne. Bayan ƙidayar 2020 jihar ta sami ƙarin kujeru biyu a Majalisar Wakilai ta tarayya, daga 36 zuwa 38, kuma a 2022 ta haura mutum miliyan 30. Dalilan da ake yawan kawowa su ne jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, gidaje sun fi na Kalifoniya araha, ga kuma ayyukan yi. Matsalar waɗannan dalilai ita ce na farkonsu ya shafi kowane lungu na jihar daidai wa daida. Wanda ke zaune a gundumar Dickens ba ya biyan harajin nan, kamar yadda na gundumar Hays ba ya biya, gida kuma ya fi araha a Dickens nesa ba kusa ba. Amma Hays ta tashi daga 157,107 zuwa 241,067, ƙarin kashi 53 cikin ɗari, ita kuwa Dickens ta sauko daga 2,444 zuwa 1,770, raguwar sama da kashi 27 cikin ɗari. Dokar jiha guda ba za ta bayyana sakamako biyu masu hannun riga haka ba. Dole a sauko ƙasa da matakin jiha.

Gunduma a nan ita ce yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha, mai kotunta da shugaban 'yan sandanta da ofishin harajin kadarori. Teksas ta fi kowace jiha a Amurka yawansu.

Yadda ake fitar da adadin

Amurka ba ta da rajistar da ke tilasta wa mutum sanar da hukuma idan ya sauya mazauni, don haka ba a ƙirga masu ƙaura kai-tsaye. Hanya mafi tsufa ita ce ta saura. A ɗauki yawan mutane a ƙidaya ta farko, a haɗa da haihuwa, a ɗebe mutuwa, sai a gwama abin da aka samu da ƙidaya ta biyu. Bambancin da ya fito shi ake jingina wa ƙaura. A ƙaddara gunduma tana da mutum 50,000, an haifi 7,000, 5,000 sun rasu, to da babu wanda ya motsa, da za a tarar da 52,000. Idan aka tarar da 49,000, giɓin ƙaura 3,000 ne. Idan aka tarar da 60,000, rara ce ta 8,000. Sai a raba wannan da yawan jama'a a fitar da shi a kan kowane mutum ɗari ko dubu, domin a iya jera babbar gunduma da ƙarama a sahu ɗaya. Da wannan hanya masana a Jami'ar Wisconsin da abokan aikinsu, irin su Paul Voss da Kenneth Johnson da Richelle Winkler, suka tara alƙaluman kowace gunduma a ƙasar bisa shekarun haihuwa, tun daga shekarun 1950.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙiyasin shekara-shekara na Hukumar Ƙidaya. Ana gwama adireshin da mutum ya rubuta a takardar harajinsa ta bana da wanda ya rubuta bara, a yi amfani da rajistar inshorar lafiya ta Medicare wajen waɗanda suka kai 65, sannan a ƙiyasta masu zuwa daga ƙetare daban. Amfaninta shi ne tana raba ƙaurar cikin gida da ta ƙasashen waje, kuma kamar yadda za mu gani, a manyan biranen Teksas waɗannan biyu sukan fuskanci alƙibla daban-daban.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, duk kuskuren ƙidaya yana faɗawa cikin saurar ne, sai ya fito da rigar ƙaura. Binciken da hukumar ta yi bayan ƙidayar 2020 ya nuna an tsallake kimanin kashi 1.92 cikin ɗari na mutanen Teksas, sama da rabin miliyan ke nan, kuma tsallaken ya fi shafar masu asalin Latin Amurka da masu zaman haya. Na biyu, ƙananan gundumomi suna yaudarar ido. Loving, wadda ta sauko daga mutum 82 zuwa 64, ta yi asarar kashi 22 cikin ɗari a takarda, alhali mutum 18 ne, gida huɗu ko biyar. Haka kuma ana ƙirga fursuna a inda yake tsare, ɗalibi a inda yake kwana, soja a barikinsa, don haka gidajen yarin Huntsville suna cikin lissafin gundumar Walker ko da mazaunansu ba da son ransu suka zo ba. Na uku shi ne gargaɗin Andrei Rogers a maƙalarsa ta 1990, cewa babu wani mahaluki da ake kira mai ragowar ƙaura. Masu shigowa mutane ne, masu fita mutane ne, ragowar kuwa lissafi ne kawai. Gundumar da mutum dubu ɗari suka shiga, dubu ɗari suka fita, da wadda ko mutum ɗaya bai motsa ba, duk sifili za su nuna.

Alƙaluman ƙidaya da za a kawo nan gaba na jimillar sauyi ne, haihuwa da ƙaura a haɗe. A kowane wuri za a faɗi wanne ne ya fi rinjaye.

Tsakiyar birni da kewayenta

Mafi yawan ƙaruwar jihar ta taru ne a cikin kusurwa ukun da Dallas da Fort Worth a arewa, Houston a kudu maso gabas, da San Antonio a kudu maso yamma suka zana, Austin kuma tana kan babbar hanya ta 35 da ta haɗa arewa da kudu. Amma ko a cikin wannan yanki, gundumomin da manyan biranen suke ciki ba su ne suka fi saurin ƙaruwa ba.

Gundumar Dallas ta tashi daga 2,368,139 zuwa 2,613,539, kashi 10 cikin ɗari, ƙasa da matsakaicin jihar na kusan kashi 16. Mafi yawan wannan ƙari daga haihuwar da ta zarce mutuwa ya fito. Ta fuskar ƙaurar cikin gida kuwa, Dallas ta daɗe tana cikin giɓi, baƙi daga ƙetare ne ke toshe mata shi. Maƙwabtanta na arewa, Collin da Denton, kowacce ta ƙaru da sama da kashi 36 cikin ɗari: Collin daga 782,341 zuwa 1,064,465, Denton daga 662,614 zuwa 906,422. Babu yawan haihuwar da zai kawo wannan a shekara goma. Rara ce ta ƙaura. Garin Frisco, wanda wani ɓangarensa ke Collin wani a Denton, yana da mutum 33,714 a shekarar 2000, ya kai 116,989 a 2010, ya kai 200,509 a 2020.

A Houston ma haka abin yake, sai dai Harris ta fi Dallas faɗi sosai, tana da sauran filin gini a cikinta, shi ya sa ta riƙe kashi 15.6 cikin ɗari, daga 4,092,459 zuwa 4,731,145. Fort Bend da ke kudu maso yammacinta ta ƙaru da kashi 40, daga 585,375 zuwa 822,779. Montgomery a arewa ta ƙaru da kashi 36. Tun bayan faɗuwar farashin mai a tsakiyar shekarun 2010, masu barin Harris zuwa wasu gundumomin Amurka sun fi masu shigowa daga can yawa, kuma ambaliyar guguwar Harvey ta Agustan 2017 ta ƙara tura wasu. Masu cike gurbin sun fito daga Meksiko da Amurka ta Tsakiya da Indiya da Biyetnam, har da 'yan Nijeriya, waɗanda Houston na cikin manyan matattararsu a ƙasar.

Mai karanta jadawali cikin gaggawa zai ce Dallas ta gaza, Collin ta yi nasara. A ganina wannan karatu bai dace ba, domin kasuwar aiki guda ce aka ratsa da layin gunduma. Matashin da ya gama jami'a yakan fara da kama hayar ɗaki kusa da wurin aiki a tsakiyar birni. Baƙon da ya sauka daga ƙetare yakan fara da unguwar da 'yan ƙasarsu suke, inda akwai gidajen haya da motar bas da masallaci ko cocin da ya sani. Bayan shekara biyar ko goma, an yi aure, yara sun isa makaranta, an tara abin biyan kafin alƙalami na gida, sai a nemi gida mai ɗaki huɗu da makaranta mai suna. Tafiyar kilomita talatin ce ko arba'in, mutumin bai ma sauya wurin aiki ba, amma takardar harajinsa ta tsallaka iyaka, an rubuta wa gunduma ɗaya giɓi, an rubuta wa ɗaya rara. Tsakiyar birni kamar zaure take: ta nan baƙo ke shigowa, amma ba a nan yake kwana ba. Tun 1885 Ernst Ravenstein ya lura, daga ƙidayar Birtaniya, cewa yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, kuma maganar tana nan daram a Teksas.

Ba na musun cewa gundumomin kewaye irin su Collin suna jan mutane kai-tsaye daga wasu jihohi. Kamfanin Toyota ya sanar a 2014 zai dawo da hedikwatarsa ta Arewacin Amurka daga Kalifoniya zuwa Plano a gundumar Collin, ya buɗe ta a 2017, ma'aikata kuma suka biyo shi da iyalansu. Amma kamfanin ya zaɓi Plano ne don tana gefen Dallas, kusa da babban filin jirgin sama na yankin da tarin ma'aikatansa. Da babu Dallas, da babu wannan Plano.

Akwai kuma dalili na doka da ba a cika kawowa ba. Gundumomin Teksas ba su da cikakken ikon tsara amfani da ƙasa irin wanda birane ke da shi. Mai gina rukunin gidaje zai iya sayen gona a wajen iyakar birni, ya kafa hukuma ta musamman mai kula da ruwa da magudana, hukumar ta ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, a shimfiɗa bututu, sannan waɗanda suka sayi gidajen su biya bashin a hankali cikin harajin kadarorinsu. Ɗaruruwan irin waɗannan hukumomi ne suka kewaye Houston. Idan aka haɗa wannan da manyan hanyoyin biyan kuɗi, kamar Grand Parkway da ta zagaye Houston da wadda ta miƙe arewa daga Dallas ta ratsa Frisco, sai a ga cewa rarar ƙaura tana bin inda aka ba da damar gini ne. Mutane ba sa ƙaura zuwa inda babu gidan da za su shiga.

Amarillo: gari ɗaya, alƙalami biyu

Misalin da ya fi fito da wannan fili ƙarami ne. Birnin Amarillo, can arewa maso yammacin jihar, iyakar gunduma ta raba shi biyu. Tsohon gari da unguwannin arewa suna Potter, sababbin unguwannin kudu suna Randall. Tsakanin ƙidayoyin biyu Potter ta sauko daga 121,073 zuwa 118,525, duk da cewa haihuwa ta fi mutuwa yawa a cikinta, wanda ke nufin giɓin ƙaurarta ya fi wannan raguwa girma. Randall ta tashi daga 120,725 zuwa 140,753. A 2010 kusan kai ɗaya suke, a 2020 tazarar ta haura 22,000. Magajin gari ɗaya ne, ruwan famfo ɗaya, kasuwa ɗaya. Iyalin da ya tashi daga tsohon gidan katako a arewa ya koma gidan bulo a kudu bai bar garinsu ba, amma a taswirar ƙaura zai fito a jerin masu gudu daga gunduma mai mutuwa zuwa mai bunƙasa. Idan aka haɗa gundumomin biyu, abin da za a gani shi ne gari mai ƙaruwa a hankali, kimanin kashi 7 cikin ɗari.

Karkarar yamma

A nan giɓin na gaske ne, ba sharrin layin iyaka ba, kuma daɗaɗɗe ne. Dickens tana da sama da mutum 8,000 a 1930. Injin cirar auduga da tarakta sun sa gonar da a da take ciyar da gidaje goma yanzu mutum ɗaya da ɗansa ke noma ta. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, wanda noman rani na tudun arewa maso yamma ya dogara da shi, yana ja da baya. Yaron da ya gama sakandare yakan tafi Lubbock ko Abilene karatu, daga can ya wuce Dallas, sai bikin Kirsimeti ko jana'iza ke dawo da shi.

Illar irin wannan giɓi tana ninka kanta, domin masu tafiyar su ne masu haihuwar gobe. Bayan an yi shekaru arba'in ana asarar 'yan ashirin, sai mutuwa ta fara zarce haihuwa, gundumar ta ci gaba da raguwa ko da babu wanda ya sake fita. Kuɗin da jiha ke ba makarantu ya danganta da yawan ɗaliban da ke halarta, don haka kowane iyali da ya tashi ya tafi da wani yanki na albashin malami. Asibitocin karkara fiye da 20 aka rufe a jihar tun 2010, kuma garin da mace mai naƙuda sai ta yi tafiyar awa guda ba ya jan sababbin ma'aurata.

Wani lokacin kuma abin dare ɗaya ne. Farin 2011 ya sa makiyaya sun sayar da shanu da yawa, garken jihar ya ragu, a farkon 2013 kamfanin Cargill ya rufe mahautarsa ta Plainview mai ma'aikata kimanin 2,000. Gundumar Hale ta sauko daga 36,273 zuwa 32,522. Gundumar Moore kuwa, inda mahautar garin Cactus ke ci gaba da aiki, adadinta bai motsa sosai ba, 21,904 zuwa 21,358. Amma wannan shi ne sifilin da Rogers ya yi gargaɗi a kansa. 'Ya'yan tsofaffin mazauna suna fita, ma'aikata daga Meksiko da Gwatamala da 'yan gudun hijira daga Somaliya da Bama suna shigowa. Adadin yana nan, mutanen sun sauya.

Mai, iyaka da masu ritaya

Sauran nau'o'in za a taɓa su a gurguje. Gundumomin mai na yankin Permian sun ƙaru sosai: Midland daga 136,872 zuwa 169,983, Ector daga 137,130 zuwa 165,171. Sai dai adadin shekara goma ya ɓoye hawa da sauka. Gangar mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ƙaura kuma ta juya ta koma giɓi kafin ta sake farfaɗowa. Dubban ma'aikatan rijiyoyi da ke kwana a sansanonin wucin gadi, iyalansu na wani gari, ba sa ma shiga lissafin.

A bakin iyakar Meksiko, gundumar Cameron ta ƙaru da kashi 3.6 cikin ɗari kacal, daga 406,220 zuwa 421,017, alhali tana cikin wuraren da haihuwa ta fi yawa a jihar. Lissafin saura ya nuna giɓi mai nauyi: matasa suna hayewa San Antonio da Houston da filayen mai. A nan ne kuma tsallaken ƙidaya ya fi yiwuwa, don haka wani kaso na giɓin mutanen da ba a ƙirga ba ne. Kishiyar Cameron ita ce Llano a yankin tsaunuka da tafkuna na yammacin Austin, inda mutuwa ta zarce haihuwa amma jama'a suka ƙaru daga 19,301 zuwa 21,243, saboda masu ritaya da ke sayen gidaje a bakin ruwa.

Shekarun masu tafiya

Abin da ya haɗa duk waɗannan shi ne kowace gunduma tana da shekarun da take samu da waɗanda take rasawa, kuma wannan tsari yakan daɗe bai sauya ba. Brazos, mazaunin Jami'ar Texas A&M, tana cika da 'yan 18 zuwa 22, tana zubar da su kafin su kai 30. Tsakiyar birni tana karɓar 'yan ashirin da wani abu, tana rasa 'yan talatin da ƙananan yaransu. Gundumomin kewaye suna yin akasin haka, har ma sukan rasa 'yan 18 zuwa 24 duk da rarar da suke da ita a jimilla. Karkara tana rasa matasa, wani lokaci ta ɗan samu 'yan sittin da suka dawo gida. Mai tsara makarantu a Fort Bend da mai tsara asibiti a Llano duk suna da rara a takarda, amma ɗaya azuzuwan firamare yake bukata, ɗaya likitan zuciya. Ko Hays da aka buɗe maganar da ita, rararta kashi biyu ce da bai kamata a cakuɗa ba: ɗaliban jami'ar da ke San Marcos da za su wuce, da iyalan da tsadar Austin ta koro zuwa Kyle da Buda, waɗanda suka zo zama.

Da'irar tana matsawa waje

Alƙaluman bayan 2020 sun nuna cewa matsayin gunduma a wannan tsari ba na dindindin ba ne. Travis, inda Austin take, ta ƙaru da kashi 26 cikin ɗari tsakanin ƙidayoyin biyu, ta fi Dallas da Harris nesa. Amma farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a lokacin annobar korona, kuma a ƙiyasin 2023 masu barin Travis sun fi masu shigowa yawa, yayin da maƙwabtanta Williamson da Hays da Bastrop ke ci gaba da cika. Austin ta fara bin sahun Dallas ke nan.

A arewa ma sahun gaba ya wuce Plano, wadda filin gininta ya kusa ƙarewa, ya koma Celina da Princeton a bakin gundumar Collin. Daga Yulin 2022 zuwa Yulin 2023, cikin gundumomin Amurka masu mutum 20,000 ko fiye, wadda ta fi kowacce saurin ƙaruwa ita ce Kaufman a gabashin Dallas, da kashi 7.6 cikin ɗari a shekara guda. Rockwall, maƙwabciyarta, ta zo ta biyu da 6.5, sai Liberty a arewa maso gabashin Houston da 5.7. Kaufman da Liberty ƙasar kiwo da ƙananan garuruwa ce har kwanan nan, kuma ba wata babbar masana'anta ce ta sauka a cikinsu ta jawo jama'ar ba. Ma'aikatan Dallas da Houston ne suka ƙara wa tafiyar safiyarsu rabin awa domin su sami gidan da albashinsu zai iya biya.